Agwagin da ke Gudu a Kan Burugu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga Sa'idu masunci na Tudun Burugu, a fadamar Guri, zuwa ga ɗansa Ja'afaru a marinar Jahun. Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da maigidanka da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ba ta shiri da damina.

Bayan haka, albishirinka! Ka aiko da goro. Matarka Barira, da ka turo gida goyon ciki, ta sauka lafiya ran Laraba da hantsi, a ɗakin uwarta Hajo. Mace ce. Ina bakin ruwa ina gyaran koma na ji guɗa, na yar da komar na taho da gudu, ni da ban yi gudu ba tun bara. Da aka miƙo mini ita sai ta kama gemuna ta ƙi saki. Hajo ta ce, "Malam Sa'idu, amaryarka ta fara ja tun ba a kai lefe ba." Na ce ta ja, nata ne. Tana da goshin uwarka, Ja'afaru. Na duba na sake dubawa, shi ne.

Wannan rubutu hannuna ne, kada ka yi dariya. Sai da furfura ta cika mini gemu sannan na fara zama a zauren Malam Hamman bayan magariba, tare da yaran da na girmi iyayensu. Sun yi mini dariya har sun gaji. Don irin wannan rana na jure, ban so wani ya rubuta maka albishir da hannunsa.

Adamu mai banda zai ba ka takardar nan tare da kwando. A cikin kwandon akwai toron agwagwa da macensa, barkar haihuwa ce daga gare ni. Ka fito da su ka ajiye a ƙasa ka ga abin mamaki. Ka san agwagin garinmu na dā, ƙirji a ƙasa, ciki yana share hanya, tafiya kamar ana jan su da igiya. Waɗannan ba su ba ne. Tun shekarar da ka bar gida nake zaɓe. Duk ƙyanƙyasa, in sun yi ƙwari, nakan watsa dusa can nesa in tsaya in duba. Wadda ta riga isa in ajiye ta, wadda ta zo ƙarshe tana haki ta shiga tukunya. Cikin masu gudun kuma na riƙa ɗaukar mai dogon sangali da faɗin tafi da siririn jiki, in haɗa ta da irinta. Har kasuwar Hadejia na je na musanyo wani ramammen toro da bandar tarwaɗa, mai shi yana ta kallona kamar na taɓu. Wannan toron shi ne kakansu.

Yanzu ga su nan, suna tsayawa a miƙe, wuya sama, ƙirji a ɗage, fiffike gajere, ba nauyi. Ba sa tashi sama, ba su damu da iyo ba, gudu ne sana'arsu. Mutanen gari sun sa musu suna 'yan taɓarya, wai na mai da agwagwa taɓarya. Kuma dukansu farare ne tas kamar auduga. Duk wadda ta fito da ɗigon baƙi ko ɗaya nakan cire ta.

Ka aiko da sunan da kake so, in ba haka ba ni zan raɗa. Allah ya raya mana ita. Wassalam.

*

Da sunan Allah.

Daga Ja'afaru zuwa ga mahaifinsa. Baba, gaisuwa da ban girma. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta gwiwar. Ni lafiyata ƙalau, aiki da godiya.

Takardarka ta zo, na karanta ta a tsaye a bakin rijiyar rini a karofi, hannuna duk shuɗin baba. Na yi wa Allah godiya. Rubutunka yana karantuwa sarai, ban yi dariya ba. Ga goro wurin Adamu, da zane biyu da na rina da hannuna, baƙaƙe wuluk, ɗaya na Barira ɗaya na Inna Hajo. Suna kuwa kai ne uba, ka raɗa.

Amma Baba, ka yi mini afuwa, akwai abin da ba zan iya haɗiyewa ba. Ka rubuta cewa farare ne tas, kuma da gangan ka mai da su haka. Na maimaita wurin nan ko ni ne ban gane ba.

Kai kana kan ruwa ranar da mahara suka faɗo wa garinmu. Ni ina kwance cikin ciyawa ina kallo. Bulama mai garinmu ya busa ƙaho, mata suka ruga cikin doguwar ciyawar burugun arewa suka kwanta, ba a ganin ko ɗankwali. Maharan suka hau tudu suka duba ba su ga kowa ba, har sun fara juya dawakinsu. Sai ga fararen agwagin Inna sun jeru suna bin sawunta, don ita ke ba su dusa. Na ga wanda ya nuna su da tsinin mashi yana dariya. Suka bi su har inda take. Ta tashi ta tare ƙanwata Ma'u da jikinta, aka soke ta a ƙirji, mashin ya fita ta baya. Aka sa wa Ma'u igiya a wuya. Har yau ba mu san ƙasar da take ba. Agwagin suna tsaye gefen gawar suna jiran dusa.

Bayan haka kowa a garin ya yanka nasa, kai kaɗai ka ɓoye saura. Abin da ya fitar da ni daga gida ke nan, ka sani ko ban faɗa ba. Yanzu matata da 'yata suna garin nan, ƙasa ba ta zauna ba, fatake suna cewa da ruwa ya ja baya za a sake hari a fadama. Kai kuma ka shekara da shekaru kana ƙara musu fari da gudu, don su fi saurin kai mahara wurin mata?

Baba, don Allah don Annabi ka yanka su duka kafin kaka. Waɗanda ka aiko na ɗaure su a bayan marina. Ran Juma'a zan yanka su in yi wa Inna sadaka.

Ka gaida Barira, ka ce ta ci abinci. Wassalam.

*

Da sunan Allah.

Daga Sa'idu zuwa ga ɗansa Ja'afaru. Sallama. Muna lafiya, mai jego lafiya, jaririya lafiya. Ruwa ya cika fadama har gindin tsamiyar masallaci, shinkafa ta yi kyau.

An yi suna. Na raɗa mata Binta, sunan uwarka. Da yake ba mai iya kiran sunan gatsau a gidan nan, Umma ake ce mata. Ni kuwa na ce matata ce ta dawo, kowa ya kauce. Zannuwan sun iso, Hajo ta ɗaura nata ta zaga gari sau biyu ba tare da an aike ta ba.

Na karanta maganarka, ban yi fushi ba. Kai ka gani da idonka, ni na wanke ta na binne da hannuna. Kada ka zaci na manta. To saurara ka ji abin da na kasa gaya maka lokacin da kake gida, don a lokacin ba ka jin magana, ni ma ban iya ta ba.

Maharan nan sun yi karatu a ranar: bi farar agwagwa ka sami mace. Sun sake yin haka a ƙauyuka biyu bayan namu. Wanda ya ci riba a hanya ba ya sake ta. In mun yanka agwagi za su nemo wata dabara da ba mu sani ba. Wannan kuwa mun san ta, shi ya sa na gina tawa a kanta.

Ka tuna Shimfiɗa, wurin nan gabas da gari inda burugu ya saƙa kansa a kan ruwa? Daga tudu sai ka rantse fili ne mai ciyawa, alhali ƙarƙashinsa ruwa ne da ya shanye mutum biyu a tsaye, da laka. Agwagwar dā in ta hau sai ta burma, sai ta koma ta bi ta buɗaɗɗen ruwa, kowa ya gane ruwa ne. 'Yan taɓarya ba sa burmawa. Jiki ba nauyi, tafi da faɗi, ƙafa doguwa, suna gudu a kai kamar a dandali. Wanda ya hango su daga nesa zai ce ƙasa ce mai tauri. Don haka nake son su da fari, a gan su daga ko'ina.

A tsakiyar Shimfiɗa akwai ɗan tsibiri. Kullum da safe nakan hau goran iyo na masunta in zaga ta bayan ruwa in kai dusa can, sannan in busa ƙaho. A nan kaɗai suke cin dusa, daga hannuna kaɗai. Yanzu ko ina aka busa ƙaho, can suke nufa. Da farko Bulama ya zo da faɗa, ya ce, "Sa'idu, kullum sai ka tsinka mana hanji? Matata ta zubar da kunu sau uku!" Na ɗauke shi na nuna masa. Ya tsaya ya ga sun ƙetare, ya ɗauki sanda ya caka a burugun, sandar ta shige duka. Nan ya gamsu. Mun shirya da masunta: in an busa ƙahon gaske, mata su yi arewa, mu kuwa mu hau goruna mu laɓe a gefen Shimfiɗa, kowa da mashinsa.

Saboda haka ba zan yanka ba. Ka yi haƙuri.

Bari in ba ka abin dariya ka huce. Ka san wankan jego, safe da yamma Hajo tana tafasa ruwa, ana kwararawa bayan ɗaki, har ya yi ɗan tafki. Ƙyanƙyasar bana, waɗanda suka fi duka kyau, sun gano wurin. Barira kuma in ta sha kunun kanwa ta rage sai ta zuba musu. Yanzu da ta fito sai su kewaye ta, har da babban toronsu da nake kira Dogo. Hajo ta ce Umma ta samu 'yan rakiya tun ba ta fara tafiya ba. In ka gan su za ka yi dariya.

Allah ya haɗa fuskokinmu. Wassalam.

*

Daga Ja'afaru zuwa ga mahaifinsa. Gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Ba zan tsawaita ba, mai kai takardar yana tsaye.

Baba, ban yi dariya ba. Ka sake duba abin da ka rubuta da hannunka. Ka ce dabararka ta tsaya a kan cewa daga hannunka kaɗai suke ci, a tsibiri kaɗai. Sannan ka ce Barira tana zuba musu kunu, suna kewaye ta. To ranar da aka busa ƙaho ta ɗauki Umma ta yi arewa, wa za su bi? Haka Inna ta fara, da ragowar tuwo a bakin ƙofa.

Ban ce dabararka banza ce ba. Na karanta, na ga hankali a ciki. Amma murna ta rufe maka ido. Yau ɗin nan, ba gobe ba, a hana Barira ba su ko ƙwayar gero. A haƙa wa ruwan wankan rami a rufe. Waɗanda suka riga suka saba da ita a yanka su, ko da su ne suka fi kyau, ko da Dogon ne. In ba za ka iya ba ka ba Bulama wuƙar.

Adamu ya ce ruwa ya yanke hanya, ba zai koma ba sai ya janye. Na ba wani bafatake da zai bi ta Hadejia. Allah ya sa ta riske ka da wuri. Wassalam.

*

Daga Ja'afaru zuwa ga Sa'idu na Tudun Burugu, in yana raye. In ba ya raye, zuwa ga duk wanda ya iya karatu a garin.

Ina Kafin Hausa. Na baro aiki na taho, amma an hana kowa wucewa, masu fito sun janye jiragensu, sun ce mahara suna yawo a ƙetare. Jiya wata mai tallan daddawa da ta tsero daga wajen Guri ta ce an ƙone Tudun Burugu. Ta ce ta hango hayaƙi, ta ji an ce an kashe mutane, an ga fararen fuka-fukai da jini cikin burugun arewa. Burugun arewa, Baba. Inda mata suke ɓuya.

Na aiko maka da takarda ban ji amsa ba. Ko ba ta zo ba, ko ta zo ka ajiye ta don kana ƙaunar tsuntsayenka. Ban san wanne ba, kuma ina tsoron in sani. In abin da nake zato ne ya faru, to ka kashe Binta sau biyu, kuma ba ni da sauran abin da zan zo nema a garin nan.

Allah ya yafe mini wannan magana in na zalunce ka. Ba na barci, ba na cin abinci. Wani masunci ya yarda zai ƙetare a kan gora, shi zan ba. Ko kalma ɗaya ce a aiko mini. Suna raye ko ba sa raye?

*

Da sunan Allah Mai tsare bayinsa.

Daga Sa'idu zuwa ga ɗansa Ja'afaru. Suna raye. Barira tana raye, Umma tana raye, Hajo tana raye. Ka sha ruwa ka zauna, sannan ka karanta saura.

Takardunka biyu rana ɗaya suka zo, bayan komai ya wuce. Ta farko ta yi ta kwana a Hadejia cikin jakar bafataken. Da ta zo da wuri da na ji maganarka, don gaskiya ka faɗa. Ni da na shekara ina duban ƙafar agwagwa ban ga abin da ke bakin ƙofa ba, kai ka gan shi daga Jahun. Ta biyun kuwa na karanta na sa a wuta. Ba ka rubuta ta ba, ni ma ban gan ta ba.

Rubutun zai karkace, hannuna na dama a ɗaure yake. Ga yadda aka yi.

Da hantsi suka zo, ana yankan shinkafa. Bulama ya busa ƙaho. Mata suka yi arewa, masunta suka ɗauki masu suka yi gabas. Manyan agwagi suka miƙe suka nufi Shimfiɗa a jere, kamar yadda na koya musu. Na ɗauki gorana zan bi maza, sai na waiwaya. Ƙyanƙyasar bana sun fara bin manyan, sai Barira ta fito da Umma a baya tana gudu. Dogo ya tsaya ya miƙa wuya. Ya juya ya bi ta, sauran suka bi shi. Farare tas, a jere, cikin koren ciyawa. Ja'afaru, na ga abin da ka gani kana yaro.

Na yar da goran na ɗauki ƙwaryar dusa da wuƙar fawar kifi. Ban san inda gwiwata ta sami ƙarfi ba. Na same su cikin burugu, Barira tana kwance a kan jaririya tana korarsu da ƙafa tana cewa, "Ku tafi, don Allah ku tafi!" Su kuwa suna ta matsowa. Na durƙusa na kaɗa ƙwaryar. Suka zo hannuna da gudu, don ban taɓa kiransu don sharri ba. Na riƙa kamawa ina bisimilla ina yankawa. Hajo ta kwance zanen da ka rina mata, ta karɓi na Barira, duk wadda na yanka sai ta tura ƙarƙashin baƙin zanen ta danne da gwiwa don kada ta yi shure-shure a gani. Tana yi tana raɗa, "Yi sauri, tsoho, yi sauri, ka yi kukan daga baya." Ashe kuka nake yi ban sani ba.

Dogo ya ga jini ya ƙwace. Ya yi tsalle ya fito fili, ya tsaya a miƙe kamar yadda na so shi ya riƙa tsayawa. Mahayan duk sun riga sun bi manyan agwagi gabas, amma akwai wani mahari mai tafiya a ƙasa da ya tsaya ɗibar hatsi. Ya hango shi. Ya taho yana raba ciyawa da takobi. Na kama Dogo na yanka, ina ɗagowa sai ga mutumin a kaina. Ya kawo sara, na tare da hannu, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka tafi. Na rungumi ƙafafunsa muka faɗi cikin laka. Ya fi ni ƙarfi nesa, ya hau ƙirjina ya shaƙe ni. Sai Hajo ta faɗo masa ta baya, ta cusa yatsu cikin idanunsa. Ya yi ƙara ya sake ni. Na soka masa wuƙar a ƙarƙashin haƙarƙari, na sake sokawa. Muka juya shi mu biyu muka danna fuskarsa cikin laka har ƙafafunsa suka daina motsi. Duk wannan abu Barira tana ba Umma nono, jaririyar ko tari ba ta yi ba. 'Yar albarka.

Abin da ya faru a Shimfiɗa ban gani ba, Bulama ya ba ni labari. Mahayan sun hau tudu sun ga fararen agwagi suna gudu a kan ciyawa, suka yi ihu suka sako dawaki. Na gaba sun yi nisa a kai kafin burugun ya yage. Dawaki suka burma har wuya, na baya suka hau kan na gaba, ciyawar ta naɗe musu ƙafafu. Masunta suka fito a kan goruna suka riƙa suka, kamar ranar kamun kifi. Wanda ya ɗago kai ya sha mashi, wanda ya nutse laka ta riƙe shi. Bulama ya ce ruwan ya yi ja har bakin tsibiri, kukan dawakin kuwa ba ya son ya ƙara jin irinsa.

Waɗanda suka tsaya a tudu suka gane abin da aka yi musu. Suka zuba wa agwagin kibau don haushi, suka juyo suka sa wa gari wuta, suka tafi. Sun kashe ƙanen Bulama da tsofaffi biyu da suka kasa gudu. Allah ya jiƙansu. Amma ba su tafi da mace ko ɗaya ba, ba su tafi da yaro ko ɗaya ba. Ka gaya wa duk wanda ya tambaye ka a Kafin Hausa.

Akurkina ya ƙone da ƙwan da ke ciki. Tsofaffin agwagi mata uku suka dawo daga tsibiri, sun wuce ƙwai, kuma babu toro ko ɗaya. 'Yan taɓarya sun ƙare. Waɗanda na yanka ba su zama mushe ba, gari duka aka ci, don rumbuna sun ƙone. Hajo ta dafa wa mai jego Dogo da yaji. Ni ban iya ci ba. Zannuwanka sun ɓaci da jini, Hajo ta ce ka san yadda za ka yi da ita.

Kada ka ji tausayina. Yatsun da ke riƙe alƙalami sun tsira. Jiya na ɗauki Umma da hannun hagu, ta dube ni ta yi murmushi, na farko a rayuwarta, kuma ni ta yi wa, ba uwarta ba, ba Hajo ba. Na fita na gaya wa duk wanda ke gyaran jinka. Ni ne na fi kowa arziki a fadamar nan. Ka zo ka ga 'yarka. Wassalam.

*

Da sunan Allah, godiya ta tabbata gare shi.

Daga Ja'afaru zuwa ga mahaifinsa. Baba, gaisuwa, da sannu, da neman gafara. Allah ya warkar da hannun. Na karanta layin farko na zauna a ƙasa a tsakiyar kasuwa, mutane suka taru suna zaton ciwo ne ya kama ni.

An buɗe hanya, masu fito sun dawo. Da na so in haye yau. Amma zan koma Jahun tukuna, akwai abin da zan ɗauko.

Toron nan da macen da ka aiko, ban yanka su ba. Ran Juma'ar na wasa wuƙa na je bayan marina, sai na tarar macen ta yi ƙwai a cikin fasasshiyar tukunyar baba ta kwanta a kai. Aisa matar maigidana ta tare ni ta ce, "Kai, ɗan nan, a garinku ana yanka mai kwanci? Ba a gidan nan ba." Na ce to bayan ta ƙyanƙyashe. Da ta ƙyanƙyashe kuma na ga 'ya'yan suna tsaye a miƙe suna tsere a tsakanin rijiyoyin rini, sai na riƙa cewa gobe. Ban gaya maka ba don ina fushi. Suna nan wurin Aisa. Toron lafiyarsa ƙalau, ya kori zakaran gidan. Ƙafafunsu duk sun yi shuɗi saboda marina, amma jikinsu fari ne tas.

Zan kawo su, da sharaɗi ɗaya, in ɗa yana iya sa wa uba sharaɗi. Ba za su ƙara kwana cikin gari ba. Ni zan gina musu akurki a gabas, kuma ba macen da za ta ƙara ba su ko ruwan wanke ƙwarya. Gwiwarka da hannunka ba za su iya hawa gora kullum ba, sai ka koya mini zaɓen, in riƙa kai dusar.

Ka gaya wa Inna Hajo zanenta yana tafe, babu irinsa a Jahun. Ka gaya wa Barira ina zuwa. Ka gaya wa amaryarka ta ƙara haƙuri kaɗan, ubanta ya koma ɗauko mata 'yan rakiya. Wassalam.

*

Daga Sa'idu zuwa ga ɗansa Ja'afaru. Lafiya lau muke.

Na karanta wa Bulama takardarka, ya ce shi ke nan, matarsa za ta ci gaba da zubar da kunu. Na yarda da sharaɗin.

Abu ɗaya nake roƙo. In kun haye ruwa kun iso tsamiyar masallaci, ka sauke kwandon ka buɗe. Kada ka shigo da su a ka. Zan zauna a kan tudu da Umma a cinyata, da ƙaho a hannun hagu. Ina so ta ga yadda suke gudu.